Yadda za ka ƙiyasta yawan Yahudawa da 'yan Roma da aka kwashe lokacin yaƙin Hitila ba tare da shaci-faɗi ba

Makon jiya ɗan yayata ya same ni gida nan Ƙofar Ƙaura bayan la'asar, fuska a murtuke, wai an ba su aiki a darasin tarihi su faɗi mutum nawa aka kwashe daga garuruwansu lokacin yaƙin duniya na biyu, Yahudawa da 'yan Roma, kuma su nuna ta inda adadin ya fito. Ya ce Kawu na duba waya na ga lamba uku daban-daban, wacce zan kwafa? Na ce mashi ko ɗaya, ja kujera ka zauna. Ni ba farfesa ba ne, malamin lissafi ne na sakandare, amma na yi aikin ƙidayar 2006 gida-gida da alli a hannu, kuma tun daga nan na kamu da son sanin yadda ake ƙirga mutanen da ba su gabanka. Mun kai har isha'i muna abu ɗaya, toh shi ne na ce bari in rubuta yadda muka bi ko wani zai amfana.

Tukuna, 'yan Roma ɗin nan ba mutanen birnin Rum ba ne, yaron ma can ya fara ɓata. Wata al'umma ce da asalinta daga arewacin Indiya yake, sun bazu a Turai ɗaruruwan shekaru, wasu na yawo da keken doki suna ƙira da kiɗa da cinikin dawaki, da yawa kuma zaunannu ne da gidajensu. Reshensu na Jamus ana ce masu Sinti. Sunayen sansanoni da na mutane kuma na bar su yadda ake rubuta su, don in ka buga a waya su fito maka.

Ka fara rubuta me kake ƙirgawa

Wannan shi ne inda kowa ke tsallakewa kuma shi ne rabin aikin. Kwashewa daban, kashewa daban. Miliyan shida da kake ji adadin Yahudawan da aka kashe ne, ba na waɗanda aka loda a jirgin ƙasa ba. A Babi Yar, gefen birnin Kiyef, ranakun 29 da 30 ga Satumba 1941 an harbe mutum 33,771 a bakin kwazazzabo, babu jirgi babu tikiti, da ƙafa suka taka daga gidajensu. Irin wanga kisa na harbi a gabas ya ci tsakanin miliyan ɗaya da rabi zuwa biyu, kuma mafi yawansu ba su shiga lissafin kwashewa. Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai wanda aka kwashe ya rayu, misali Denmak, an kai kimanin 470 sansanin Theresienstadt kuma galibinsu sun dawo, fiye da 7,000 kuwa sun tsallake ruwa zuwa Suwidin tun kafin a kama su. Kenan in ka haɗa buhun biyu wuri ɗaya ka riga ka ɓata awon tun daga tiya ta farko.

Sai ka ɗauki takarda ka rubuta a sama: su wa nake ƙirgawa, daga ina zuwa ina, daga wace rana zuwa wace rana, wa ya kwashe su. Kar ka raina tambayar ƙarshen nan. Ba Jamusawa kaɗai ba ne, gwamnatin Romaniya da kanta ta kora mutane zuwa Transnistria, wani yankin Sobiyet da ta mamaye lokacin yaƙin, 'yan sandan Faransa ne suka kama mutum 13,152 a Faris ranakun 16 da 17 ga Yuli 1942, Silobakiya kuwa har biyan Jamus ta yi, mak 500 na kuɗin Jamus kan kowane mutum ɗaya da aka ɗauke mata. Sannan ita ma Tarayyar Sobiyet a 1940 ta tura 'yan gudun hijira daga Polan zuwa can cikin ƙasarta, da Yahudawa da yawa a ciki, amma wannan wani shafi ne daban, kar ka zuba shi cikin na Jamus.

Iyaka kuma ita ce mai kayar da mutane. Na tambayi yaron, wanda aka haifa a Funtuwa a 1980 ɗan wace jiha ne? Ya ce Katsina. Na ce takardar haihuwarsa Kaduna ta ce, don sai 1987 aka yanke mu. Haka Turai take a shekarun nan, sai dai abin ya fi muni. Arewacin Transilbaniya na Romaniya ne kafin 1940, aka ba Hangari, bayan yaƙi ya koma Romaniya. Marubucin nan Bayahude Elie Wiesel ɗan garin Sighet ne, a 1944 hukumomin Hangari suka kwashe shi da iyalinsa, yau garin na cikin Romaniya. In littafi ɗaya ya sa shi a Hangari wani ya sa shi a Romaniya kai kuma ka tara duka biyun, ka ƙirga shi sau biyu kenan. Zaɓi taswirar shekara ɗaya ka riƙe ta har ƙarshe, ka kuma rubuta wacce ka zaɓa.

Bi jirgi ɗaya-ɗaya, kaman kamasho a tasha

Hanya mafi ƙarfi ita ce wadda duk wanda ya taɓa hawa motar Legas ya sani, takardar da ake miƙo maka ka rubuta suna da lambar wani naka kafin mota ta tashi. Kwashe mutane da jirgin ƙasa aikin ofis ne, sai an nemi tarago, an tsara lokaci, an biya kuɗi. Hukumar jiragen ƙasan Jamus kuɗin fasinja ta riƙa caja, fenik 4, wato kwabon Jamus, kowace kilomita, yara 'yan ƙasa da shekara goma rabin kuɗi, 'yan ƙasa da huɗu kyauta, in mutum sun kai 400 a yi ragi na rukuni. Wallahi duk sanda na karanta wanga wuri sai jikina ya yi sanyi, amma ga mai lissafi ma'anarsa ita ce an bar takarda a baya.

Faransa ce ta fi saukin farawa, kuma ita na ce yaron ya fara da ita. Mafi yawan jiragen daga sansanin Drancy kusa da Faris suka tashi, na farko ranar 27 ga Maris 1942, kuma kowane jirgi da jerin sunayensa, suna, ranar haihuwa, garin haihuwa. Wani lauya Serge Klarsfeld, wanda mahaifinsa ma yana cikin waɗanda aka kwashe, ya zauna ya tattara jerin nan jirgi bayan jirgi ya fitar da su a 1978, jimilla ta kama kusan 76,000, a ciki yara sun haura 11,000, waɗanda suka dawo da rai kuwa kimanin 2,500. Ka lura ba ƙiyasi ya yi daga sama ba, tarawa ya yi daga ƙasa, shi ya sa adadinsa bai motsa sosai ba duk shekarun nan.

Holan ma haka. A farkon 1941 aka tilasta rajista, aka samu kimanin 140,000 da dokar Jamusawa ta kira cikakkun Yahudawa, aka kwashe kusan 107,000 yawanci ta sansanin Westerbork, waɗanda suka tsira 5,000 da 'yan kai. Beljiyam ta barikin Dossin a garin Mechelen, kimanin 25,000. Bulgeriya ta miƙa 11,343 daga yankunan Masedoniya da Tires da ta mamaye, a Maris 1943, aka kai su sansanin kisa na Treblinka a Polan.

Yadda za ka yi a aikace, buɗe Excel ko ka ja layi a littafin awo, layi ɗaya jirgi ɗaya: ranar tashi, tashar da ya tashi, inda ya nufa, adadin da takardar tashi ta ce, adadin da takardar isa ta ce in akwai, da kuma inda ka samo. Gidan ƙarshen nan kar ka bar shi fanko ko sau ɗaya, bayan kwana uku kai kanka ba za ka tuna ba.

Yanzun ga inda yaron ya so ya yi wayo. Ya ce Kawu ai tunda jirgin Faransa dubu ɗaya-ɗaya yake ɗauka, in na san yawan jirage a ko'ina sai in ninka da dubu shikenan. Na ce kai dai ka cika son banza. Gaskiya ne in jerin sunaye ya ɓace amma ka san jirgi ya tashi, za ka iya cike gurbin da matsakaicin lodi, amma matsakaicin wannan layin a wannan watan, ba na wata ƙasa ba. Duba, daga Westerbork zuwa sansanin kisa na Sobibor a 1943 jirgi 19 ne suka ɗauki 34,313, raba ka gani, kusan 1,800 kowanne. Na Hangari a 1944 jirgi 147 mutum 434,351, kusan 3,000 kowanne, ana cusa mutum saba'in tamanin har fiye a tarago ɗaya na kaya. In ka auna Hangari da mudun Faransa ka zubar da kashi biyu cikin uku na mutanen. Sannan ba kowa ne ya hau jirgin ƙasa ba, na Norwe 532 jirgin ruwa mai suna Donau ya ɗauke su daga Oslo ranar 26 ga Nuwamba 1942, a ƙarshen 1944 kuma dubun-dubatar Yahudawan Budafes da ƙafa aka kora su zuwa iyakar Ostiriya.

Bari in ɗan tsaya kan Hangari don darasin na da daɗi ga mai lissafi. Daga tsakiyar Mayu zuwa 9 ga Yuli 1944, mako takwas kacal. Jami'in jandarmomin Hangari László Ferenczy shi ya rubuta 434,351 ɗin can. Wakilin Jamus a Budafes, Edmund Veesenmayer, ya aika wa Balin 437,402. Bambanci 3,051, kwatankwacin jirgi ɗaya, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Yaron ya ce to wanne ne gaskiya? Na ce rubuta duka biyun, ka ce tsakanin 434,000 da 437,000, an gama. Amma ka ƙara da cewa wannan na mako takwas ɗin ne kawai, bai haɗa da kimanin 18,000 da Hangari ta kora a bazarar 1941 aka harbe mafi yawansu a Kamenets-Podolsk ba, bai haɗa da masu tafiyar ƙafa ba, kuma ba duka ne suka sauka Auschwitz, babban sansanin kisa da ke Polan, ba, kimanin 15,000 Strasshof aka kai su a Ostiriya.

Mutum ɗaya, takarda uku

A ƙidayar 2006 ni da kaina na tafka wannan. Wani dattijo mai mata biyu a gida biyu, na ƙirga shi da safe a gidan uwargida, washegari da yamma na shiga wani lungu na same shi kan tabarma a gidan amarya na sake cike mashi fom, sai da na ga babban yatsansa da tawada na farga, shi kuwa bai ce mani uffan ba yana ta murmushi. Toh irin wannan ya cika lissafin kwashewa, don mutum ɗaya ana iya ɗaga shi sau biyu sau uku.

A Oktoba 1940 an kwashe Yahudawa kimanin 6,500 daga yankunan Baden da Falz na Jamus zuwa sansanin Gurs a kudancin Faransa. A 1942 da yawansu aka dawo da su Drancy aka loda su zuwa Auschwitz. Suna cikin jerin Jamus, suna cikin jerin Faransa. Theresienstadt ya fi wannan, an kai kimanin 140,000 can daga ƙasar Cek da Jamus da Ostiriya da sauransu, kimanin 33,000 suka mutu a ciki, aka sake ɗaga kusan 88,000 zuwa gabas. In ka tara masu shiga da masu fita ka ƙirƙiro mutum 88,000 da babu su. Maganin abin shi ne ka yanke shawara tun farko, tafiya kake ƙirgawa ko kai. In kai ne, ɗauki ɗagawar farko daga gida kawai, ko kuma saukar ƙarshe kawai, ɗaya dai. Inda kake da sunaye kuma ka tace da ranar haihuwa da garin haihuwa, kar ka dogara da suna, don akawun Bafaranshe da na Bajamushe ba su rubuta sunan Bapolanshe iri ɗaya, kaman yadda Muhammadu da Mamman da Muhammed ke zama mutum uku a rajistar makaranta.

Takardun masu laifin, da yadda ake karanta su

A Polan abin ya canza. Daga geton Warso, wato unguwar da aka killace Yahudawa a ciki, tsakanin 22 ga Yuli da Satumba 1942 an kwashe fiye da 250,000 zuwa Treblinka kuma babu wanda ya tsaya rubuta suna, kai kawai ake ƙirgawa a bakin tarago. Nan sai ka koma ga rahotannin da jami'an suka aika wa manyansu.

Wanda na fi so in koyar da shi shi ne saƙon tangarahon Hermann Höfle, wani jami'in SS, rundunar musamman ta Hitila, na 11 ga Janairu 1943. Turawan Ingila suka tare shi a iska suka warware, aka jefa cikin fayil, ba a gane muhimmancinsa ba sai shekarar 2000 a gidan adana takardu na Kew. Ya ba da adadin waɗanda aka kai sansanoni huɗu zuwa ƙarshen 1942: Lublin 24,733, Belzec 434,508, Sobibor 101,370, Treblinka 71,355, jimilla 1,274,166. Na miƙa wa yaron kalkuleta na ce tara. Ya tara ya samu 631,966, ya ɗago ya ce Kawu ai ƙarya ce bai kai ba. Na ce tara ukun farko kaɗai. 560,611. Cire daga jimilla. 713,555. Ya yi shiru yana kallon lambar, sai ya ce biyar ɗaya ce ta faɗi. Ita ce kau, wajen bugawa ko wajen kwafa lamba 5 guda ta salwanta, 713,555 ta zama 71,355. Kullum ka tara da hannunka, kar ka yarda da jimilla don kawai an buga ta da keken rubutu, kar kuma ka yi watsi da takarda don ka ga tuntuɓe ɗaya.

A 1943 ɗin dai masanin ƙididdigar SS, Richard Korherr, ya haɗa wa Himmler, shugaban SS ɗin, rahoto, kuma lambar nan 1,274,166 tana ciki daidai wa daida. Mutane na murna su ce ga shaidu biyu. Ni a ganina a yi hankali, duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya san in ruwaya biyu sun koma ga mutum ɗaya to isnadi ɗaya ne. Daidaituwar ta tabbatar saƙon na gaske ne kuma gyaran biyar ɗin daidai ne, amma shaida ta biyu ta gaskiya ita ce wadda ta fito ta wata ƙofa, takardun jirgin ƙasa, rajistar katin abinci na geto kafin da bayan kwashewa, bayanan ma'aikatan tasha, shari'o'in da aka yi bayan yaƙi.

Sai yarensu. Ba su rubuta kisa, sai su ce ƙaura zuwa gabas, ko sake tsugunarwa, ko kulawa ta musamman, har Himmler ya sa aka cire kalmar kulawa ta musamman daga rahoton Korherr aka maye da cewa an wuce da su ta sansanoni. Kuma ka bambance takardar niyya da takardar aiki. Jerin taron Wannsee na 20 ga Janairu 1942, inda manyan jami'an Jamus suka tsara halaka Yahudawan Turai, ya lissafa miliyan 11, har da 330,000 na Ingila da 4,000 na Ayalan, ƙasashen da Jamus ba ta taɓa takawa ba. Wannan jerin waɗanda suke so su kama ne, ba waɗanda suka kama ba.

Lissafin cirewa

Inda babu jeri babu rahoto sai ka koma ga ƙidaya. Nawa suke kafin yaƙi, ƙara haihuwa, cire mutuwar Allah da annabi, cire waɗanda suka yi hijira, cire waɗanda aka samu da rai bayan yaƙi, abin da ya rage shi ne giɓi. Ƙidayar Polan ta 1931 ta ba da Yahudawa miliyan 3.1, ana ƙiyasta 3.3 a 1939, kimanin miliyan 3 suka halaka. Amma giɓi asara yake nuna maka gaba ɗaya, da wanda yunwa da taifus suka kashe a geto da wanda aka harbe da wanda aka kwashe, don haka rufi ne, adadin kwashewarka ba zai zarce shi da nisa ba, ba shi ne amsar ba. Kuma ƙidaya ma sai ka tambaye ta me ta tambaya, addini ko yare ko ƙabila. Faransa tun bayan 1872 ba ta tambayar addini a ƙidaya, shi ya sa yawan Yahudawanta a 1940 ake cewa 300,000 zuwa 330,000. Mu da muka san rigimar ƙidayar 1963 da ta 1973 da aka soke ba sai an yi mana dogon bayani ba.

'Yan Roma, inda aikin ya fi wuya

Nan ne na fi daɗewa da yaron. Adadin 'yan Roma da aka kashe za ka ga ana cewa daga 220,000 zuwa 500,000, tazara mai faɗi, sai ya ce wannan ai kaman ba a sani ba ne. Na ce tambayi kakarka zamanin jangali, in mai ƙirga ya doso ruga shanu nawa yake tararwa? Mutumin da ƙirga ba ta taɓa kawo mashi alheri ba ba ya tsayawa a ƙirga shi. Ƙidayar Romaniya ta 1930 ta rubuta 262,501, kuma waɗanda suka yarda suka faɗa ne kawai. Tunda lambar farko ba ta da ƙarfi, lissafin cirewa ya rushe. Ga shi a Sabiya da yankunan Sobiyet yawanci harbe su aka yi a daji aka rubuta su cikin 'yan tawaye ko 'yan leƙen asiri, a sansanin Jasenovac na Kuroshiya kuma galibi ba a damu da rubuta sunayensu ba, duk da haka jerin sunayen da aka tattara daga baya ya haura 16,000. Bayan yaƙi ma babu mai tambayarsu, kotun ƙolin Jamus ta Yamma a 1956 ta ce abin da aka yi masu kafin 1943 ba don ƙabila ba ne, sai 1982 shugaban gwamnati Helmut Schmidt ya amsa cewa kisan ƙare dangi ne. Shekara kusan arba'in shaidu na mutuwa ba a ɗauki bayaninsu ba.

Amma abin mamaki, kwashewarsu ta fi kisansu ƙirguwa, don haka ka gina daga guntayen da suke da ƙarfi. Mayu 1940, kimanin 2,500 daga Jamus zuwa Polan. Nuwamba 1941, mutum 5,007 daga Ostiriya zuwa geton Lodz, waɗanda taifus ya bari aka ƙarasa su a sansanin kisa na Chelmno farkon 1942. Bayan umarnin Himmler na 16 ga Disamba 1942, kimanin 23,000 zuwa Birkenau, wani ɓangare na Auschwitz. A cikin waɗannan akwai kimanin 350 daga Mechelen a Janairu 1944 da 245 daga Westerbork ranar 19 ga Mayu 1944, ka ga kar ka sake tara su a kan 23,000 ɗin, suna ciki.

Rajistar sashen 'yan Roma na Birkenau ta tsira ne don wani fursuna ɗan Polan mai aikin akawu, Tadeusz Joachimowski, shi da abokansa sun naɗe littattafan suka sa a bokiti suka binne a 1944, aka tono a 1949, danshi ya ci wasu shafuka. Sunaye kusan 21,000 ne a ciki. To ina sauran 2,000? Kimanin 1,700 da aka kawo daga yankin Bialystok a Maris 1943 ba a yi masu rajista ba sam, an ce suna da taifus aka wuce da su ɗakin gas kai tsaye. Rajista mafi ƙarancin adadi take ba ka, ba mafi yawansa ba. Ko daren 2 ga Agusta 1944 da aka rufe sashen, shekaru ana rubuta 2,897, masu binciken gidan tarihin Auschwitz suka sake bin takardu suka ce ya haura 4,000.

Romaniya kuma a 1942, masu yawo 11,441 aka kora da kekunan dokinsu daga ofishin jandarma zuwa na gaba har Transnistria, sai zaunannu a Satumba da jirgin ƙasa, jeri ya ce 12,497 amma waɗanda suka tafi 13,176, don an haɗa da waɗanda ba su cikin jeri, wasu kuma sun bi iyalansu. Tara ka samu 24,617, da 'yan ƙarin da suka biyo baya ake cewa kimanin 25,000, kuma kwamitin da Wiesel ya jagoranta a 2004 ya ce kimanin 11,000 sun mutu can.

Wani abu da ya tsaya mani a rai, akwai hoton bidiyo na 'yan daƙiƙu, yarinya da ɗankwali tana leƙowa ta ƙofar tarago a Westerbork. Shekara hamsin ana nuna ta a matsayin Bayahudiya, sai 1994 wani ɗan jarida Aad Wagenaar ya bi lambar taragon da ranar tashin jirgin ya gano 'yar Sinti ce, Settela Steinbach, shekararta tara.

In an kawo maka maganar miliyan huɗu

Za a kawo maka ita, a majalisa ko a waya, wai da allon Auschwitz ya ce miliyan 4 aka dawo aka ce miliyan ɗaya da 'yan kai, to me ya sa miliyan shida ba ta ragu ba. Amsar gajera ce. Miliyan 4 ɗin hukumar Sobiyet ce ta fitar a 1945 ta hanyar lissafa abin da murhun ƙona gawa zai iya ci, ba ƙirga mutane ba, kuma masana tarihin da suka yi jimillar ba su gina a kanta ba, Raul Hilberg tun 1961 ya ce miliyan 5.1 gaba ɗaya da kimanin miliyan ɗaya a Auschwitz. Franciszek Piper na gidan tarihin wurin shi ya bi hanyar da muka bi yau, ƙasa-ƙasa jirgi-jirgi, ya samu aƙalla miliyan 1.3 aka kawo, kimanin miliyan 1.1 suka mutu, alhali waɗanda aka yi wa rajista aka ba lamba kimanin 400,000 ne kawai. Na san zafin abin da ke faruwa da Falasɗinawa na sa wasunmu ba su son jin wanga zance ko kaɗan, ni ma zafin na ji, amma kalkuleta ba ta san wannan ba, 560,611 in ka cire daga 1,274,166 amsar ba ta canzawa.

Wajen rubuta amsa kuma, kowace ƙasa ka ba ta lamba biyu, ta ƙasa wadda takarda ta tabbatar da ta sama wadda ta haɗa da cike gurbi, ka faɗi wace hanya ta haifi wacce. Kar ka tara 11,343 da kimanin 25,000 ka rubuta 36,343 kaman ka ƙirga su da yatsa, jimilla ba ta fi mafi raunin abin da ke cikinta kaifi ba, ka ce kimanin 36,000. In kana son gwada sunaye da kanka, ma'ajiyar Arolsen a Jamus na da takardu kan mutum miliyan 17.5 kuma da yawa na kan intanet kyauta, cibiyar Yad Vashem da ke Ƙudus ta tattara sunayen waɗanda aka kashe kimanin miliyan 5, data kawai za ka saya.

Yaron dai ƙasa uku ya ɗauka a ƙarshe, Faransa da Hangari da 'yan Roman Romaniya, don na ce mashi gara uku da ya tara da hannunsa da ashirin da ya kwafo. Jiya ya turo mani hoton teburinsa ta WhatsApp, gidan inda aka samo duk a cike, sai dai ya sake sa mutanen Gurs sau biyu, na kira shi na ce ya goge layi na tara.